Motar da ke tsaye ma tana kisa

Duk direban da ya saba bin hanyar Kaduna zuwa Abuja da dare ya san Tafa. Tun daga nesa zai hango tireloli da tankokin mai jere a bakin titi, wasu ma tayoyinsu na kan kwalta, direbobin kuwa suna can teburin mai shayi. Haka abin yake a Mararrabar Jos. Motar da ke tafe da gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, don haka kafin direbanta ya ankara da bayan tirela marar fitila, sau da yawa aikin gama ya gama.

Wannan ne ya sa dokar hanya ta ware wuraren da aka hana tsayawa ko ajiye mota. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana hana fakin a kan gada, da kan kwana, da kan tudu inda mai zuwa ba ya hango abin da ke gabansa, da bakin mahaɗar hanyoyi. Haka nan kan farin zanen da masu tafiya a ƙasa ke tsallakawa: motar da ta tsaya a wurin tana kare ɗan makarantar da ke shirin ƙetarawa, sai dai mai tahowa ya gan shi kwatsam a gabansa. Ƙofar asibiti da ta 'yan kwana-kwana kuwa ba ta buƙatar dogon bayani.

Alamomin da ke nuna wannan hani iri biyu ne, kuma mutane da yawa ba sa bambance su. Da'ira mai jan baki da jan layi ɗaya a karkace tana hana ajiye mota. Idan layuka biyu suka gitta juna, to ko sauke fasinja ba a yarda ba.

A cikin gari matsalar ta fi kama da ta cunkoso. A kusa da Kantin Kwari a Kano, fasinja na cewa "akwai", sai mai adaidaita sahu ya taka birki nan take, ko da tsakiyar titi ne. Wani kuma ya jera motarsa kusa da wata, ya ce "yanzu zan fito", ya shige kasuwa. Irin wannan ne ke haɗa direbobi da jami'an KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano, kullum.

Idan mota ta lalace, doka ta ce a ture ta gefe, a kunna fitilun gargaɗi, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku can baya da nisa. Direbobi da yawa kan karyo rassan bishiya ko su jera duwatsu maimakonta. Ganye ba ya ƙyalli da dare, duwatsun kuma akan bar su a kan kwalta bayan an gyara motar an wuce, har sai mai babur ya ci karo da su.