Lambun Bokiti a Bayan Islamiyya

A wata Islamiyyar matan aure da ke cikin birnin Kano akwai wani lungu tsakanin wurin alwala da katanga, faɗinsa bai wuce shimfiɗar tabarma uku ba. A da nan ake jibge karyayyun bencina. Yau kore shar yake: alayyahu, yakuwa, attaruhu, da tumatir da aka ɗaure wa karan dawa don kada ya kife.

Tsadar cefane ce ta haifi lambun. Bayan janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin ɗauko kwandon tumatir daga Kura da Kadawa zuwa kasuwar Yankaba ya hau, ga kuma tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon, wadda ta yi ɓarna a 2016 kuma ba ta daina dawowa ba. Sai matan suka bi yayin noman buhu da ake ta nunawa a Facebook da TikTok. Bazarar farko ta ba su kunya. Buhu na zubar da ruwa ta ko'ina, makarantar ba ta zama Alhamis da Juma'a, kafin Asabar ganye ya yi laushi. Ruwan kuma na saye ne, daga kurar mai ga-ruwa.

Dabarar da ta cece su ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa kunna fitilar ƙwai. Bokitin fenti biyu ake samu, a zura ɗaya cikin ɗaya. A huda gindin na sama, a murɗa tsumman atamfa kamar lagwani, rabinsa a cikin ƙasar shukar da ke bokitin sama, rabinsa na lilo a cikin ruwan bokitin ƙasa. Yadda lagwani ke jan kananzir, haka tsumman ke jan ruwa a hankali, daidai ƙishin saiwa. Sai tsumman auduga. Na leshi ado ne kawai, ba ya sha. Akan yi wata 'yar huda a gefe don rarar ruwa ta fita, in ba haka ba saiwa ta ruɓe. Bakin da ake ɗura ruwan kuma a toshe shi, don kada a yi kiwon sauro da sunan noma.

Ƙasar ma sai da suka koya. Jar ƙasa zalla daskarewa take yi, don haka ake gauraya ta da buntun shinkafa da busasshen kashin awaki. In ƙwari sun taso, a jiƙa ganyen darbejiya a yayyafa.

Abin da ya fi burge ni shi ne baho da aka ajiye a wurin alwala. Ruwan da a da ke bin kwata, yanzu shi ake ɗurawa a bokitai. Ruwan wanki mai omo kuwa an hana shi matsowa.

Ba zan ce lambun na ciyar da kowa ba. Tumatirinsa ba ya cika tukunyar gidan mutum goma. Alayyahu ne mai rufin asiri, a yanka yau ya sake tohowa. Ajin da ya yi ban ruwan mako shi ke raba ganyen, kuma rigimar da ta rage yanzu da akuyar maƙwabta ce, wadda ta gano inda katangar ta zube.