Gideon Gwaza: Hafsan da Ruwa Ya Ci Wajen Ceton Mutum 59

A daren 29 ga Yulin 2024 kiran neman agaji ya iso sansanin sojan ruwa na Bonny a Jihar Ribas: wani jirgin yashe mai suna Ambika 4, ɗauke da mutum 59, yana neman nutsewa a mashigar Kogin Opobo, inda kogi ke karo da Tekun Atlantika, igiyar ruwa ta yi toroƙo.

Laftanar Kwamanda Gideon Yashim Gwaza, jami'in ayyuka na sansanin, shi ya ja tawagar farko, sojoji 10 cikin ƙananan jirage biyu masu gudu. Igiya ta hana su matsawa kusa, sai aka ƙaro jirage uku, sannan jirgin yaƙi NNS Gongola da jirage masu saukar ungulu. An kwana ana fama har hantsin 30 ga wata. Duka mutanen 59 sun tsira, amma Gwaza ya faɗa ruwa ana tsakiyar aiki, ya rasa ransa.

Ga mazaunin unguwar Hashimi a Suleja ta Jihar Neja, teku labari ne na nesa, kuma in an ambaci sojan ruwa, farautar ɓarayin ɗanyen mai ce ke fara zuwa a rai. Amma rundunar, wadda aka kafa a 1956, ba ta 'yan gaɓar teku kaɗai ba ce. Hedkwatarta na Abuja, maƙwabciyarmu. Hafsoshinta da dama a makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna aka horar da su. Murtala Nyako da Awwal Zubairu Gambo, ɗan Kano, duk sun shugabance ta. Ceton rai kuwa yana cikin ainihin aikinta.

Jihar Neja ta san zafin haɗarin jirgin ruwa. Wata biyu bayan rasuwar Gwaza, a farkon Oktoban 2024, jirgin katako maƙare da masu bikin Maulidi ya kife a Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa, aka yi asarar rayuka da yawa. A Opobo, horarrun masu ceto da kayan aiki sun iso cikin dare. A kogunanmu, masunta ne ke fara kai ɗauki da kwale-kwale.

Karrama irin su Gwaza ba ya ƙarewa a jawabin ta'aziyya. Ya kamata hukumomi su kafa tashoshin ceto a Mokwa da Kainji da Shiroro, su hana lodin da ya wuce ƙima da tafiyar dare, su kuma tilasta wa kowane fasinja sanya rigar ceto.