Ohsumi, masanin da ya tono Nobel a juji

Duk wanda ya taɓa kwaɓa fulawar burodi ko ta fanke ya san yis. Sai dai ba kowa ya san cewa yis halitta ce mai rai, ƙwaya ɗaya tal, ba. Da ita Yoshinori Ohsumi na ƙasar Japan ya ci kyautar Nobel ta likitanci a 2016, shi kaɗai ba abokin rabo.

An haife shi a Fukuoka a 1945. Ya yi digirin digirgir a Jami'ar Tokyo a 1974, ya shekara uku a Jami'ar Rockefeller ta Amurka, sannan ya koma gida. Sai a 1988, yana da shekara 43, ya samu ɗakin bincike na kansa.

A cikin ƙwayar yis akwai wata 'yar jaka da masana suka ɗauka juji ce kawai, ba mai waiwayar ta. Nan Ohsumi ya sa ido. Tun 1963 Christian de Duve na Beljiyam ya raɗa wa wani aikin ƙwayoyin jiki suna otofaji, wato "cin kai" da Girkanci: ƙwaya kan naɗe kayanta da suka tsufa, ta narkar da su, ta sake gina jiki da su. An san ana yi, amma yadda ake yi ya gagara.

Ohsumi ya yi zaton a wannan jaka ake narkar da kayan, sai ya samo yis ɗin da jakarsa ba ta iya narkarwa, ya hana shi abinci, ya zauna gaban madubin hangen ƙananan halittu. Cikin 'yan sa'o'i sai ga ƙananan ƙunsoshi sun cika jakar maƙil, suna ta wutsil-wutsil. Yunwa ta sa ƙwaya cin kayanta, ba abin narkarwa, asiri ya tonu. Ya wallafa wannan a 1992. Shekara ta zagayo, shi da ɗalibarsa Miki Tsukada suka gano ƙwayoyin gado 15 da aikin ba ya yiwuwa sai da su.

Daga baya aka tarar ɗan'adam ma yana da irinsu. Yanzu masana na danganta tangarɗar otofaji da ciwon Parkinson, ciwon sukari da daji. A 2004 kuwa, gwajin da Noboru Mizushima, wanda ya yi aiki a hannun Ohsumi, ya jagoranta ya nuna jariran ɓerayen da aka toshe wa wannan hanya kan mutu cikin kwana guda da haihuwa.