Ciwon ciki mai naci: ba barkono kaɗai ke da laifi ba

A kasuwar Maraɗi ko a birorin Yamai, da wuya ka zauna da mutum biyar ba ka ji ɗaya yana kuka da cikinsa ba. Wannan ƙwannafi ya hana shi barci, wancan loma uku ta sa masa kumburi da gyatsa, wani kuwa zafi ne ke cin ƙahon zuciyarsa da zarar yunwa ta kama shi. Sai a ɗora laifin ga barkono, ko shayi, ko yawan tunani, a jiƙa kanwa a sha. Gobe kuma ciwon ya dawo.

Likitoci ma sun daɗe a kan wannan fahimta, don sun ɗauka babu ƙwayar cutar da za ta iya rayuwa cikin ruwan tsamin tumbi. A shekarar 1982 ne wasu likitoci biyu na birnin Perth a Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano ƙwayar da a yau ake kira Helicobacter pylori. Da abokan aikinsu suka ƙi yarda, sai Marshall ya shanye ƙwayoyin da kansa a 1984, cikin ƴan kwanaki tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Dabarar wannan ƙwaya ita ce ta shige cikin majinar da ta lulluɓe bangon tumbi, ta riƙa fitar da wani sinadari mai kashe kaifin tsamin da ke kewaye da ita. A hankali bangon yakan yi rauni. Galibi tun ana yara ake ɗaukarta, ta baki, ta gurɓataccen ruwa da hannun da ba a wanke ba. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, amma mafi yawansu ba su jin komi. Kamar mutum 1 cikin 10 ne take kai wa ga gyambon ciki, kuma tun 1994 aka sanya ta cikin abubuwan da ke haddasa sankarar tumbi.

Sai dai a yi hattara, ba kowane ciwon ciki ne nata ba. Mai gyambo, in an kashe ƙwayar, da wuya gyambon ya dawo. Wanda kuwa ba shi da gyambo, wani yakan sami sauƙi, wani ciwon yakan ci gaba. Shi ya sa awo ke gaba da magani: ana gane ta a bayan gida, ko a numfashi, ko ta na'urar leƙa tumbi. Maganinta haɗi ne na ƙwayoyin antibiyotik biyu ko fiye da mai rage tsami irin su omeprazole, na kwana 10 zuwa 14. Wanda ya tsaya a rabi ya koya wa ƙwayar jure magani.

Ɗan kasuwar da ke sayen diclofenac ko aspirin a tiren mai talla saboda gajiya, ya sani yana ƙara wa tumbinsa rauni ne. Wanda kuma ya ga baƙin bayan gida, ko aman jini, ko rama ba dalili, ko abinci na tsaya masa a maƙogwaro, kada ya bari ya kwana bai je likita ba. Kuɗin awo bai kai kuɗin jinya ba.