Rangwamen Kuɗin Fito Na AGOA: Ƙofa A Buɗe, Makulli A Hannun Mai Gida

A watan Mayun 2000 ne shugaban Amurka na wancan lokaci, Bill Clinton, ya rattaba hannu a kan dokar AGOA, wadda ta bai wa ƙasashen Afirka na kudu da Sahara damar shigar da dubban nau'o'in kaya kasuwar Amurka ba tare da biyan kuɗin fito ba. Tunanin ya girmi dokar. Tun a taron UNCTAD na 1968 a birnin New Delhi aka amince cewa ƙasashe masu arziki su sassauta haraji a kan hajar ƙasashe masu tasowa, domin masana'antunsu su samu su tsaya da ƙafafunsu.

Wanda ya shirya ya ci moriya. Lesotho, ƙaramar ƙasar da Afirka ta Kudu ta kewaye ta ko'ina, ta zama cibiyar ɗinkin wandunan jins na kamfanoni irin su Levi's, inda dubun-dubatar ma'aikata, akasarinsu mata, suka samu abin yi. Sirrin yana cikin wani sashe na dokar da ya yarda ƙasashe marasa ƙarfi su sayo yadi daga Asiya, su ɗinka a gida, a kuma karɓi tufar a matsayin tasu. Nijeriya kuwa, mafi yawan abin da ta tura ta wannan ƙofa ɗanyen mai ne, a daidai shekarun da masaƙun Kaduna da Kano ke rufewa ɗaya bayan ɗaya. Rangwame ba ya samar da wutar lantarki, ba ya kuma gyara tashar jiragen ruwa.

Sai dai babban abin lura shi ne, AGOA ba yarjejeniya ba ce tsakanin ɓangarori biyu. Doka ce ta majalisar Amurka, kuma kowace shekara gwamnatin ƙasar ke duba wanda ya cancanta. Abin da ya faru da Ruwanda ya isa misali. A 2016 ƙasashen gabashin Afirka suka yanke shawarar rage shigo da gwanjo domin raya masaƙunsu, Ruwanda ta ɗaga harajin kilo ɗaya daga santi 20 zuwa dala 2.50. 'Yan kasuwar gwanjo na Amurka suka kai kuka, aka yi barazanar janye rangwamen. Kenya da Uganda da Tanzaniya suka ja da baya. Ruwanda ta ƙi, aka dakatar da rangwamen tufafinta a 2018. Wato dokar da aka kafa domin raya masana'antu ita ce aka hukunta ƙasa da ita saboda ta nemi kāre tata masana'antar.

Siyasa ma tana da nata hannun. An cire Madagaska a 2010 bayan juyin mulki, ma'aikatan ɗinki da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba suka rasa aikinsu. An cire Habasha a farkon 2022 saboda yaƙin Tigray, bayan ta kashe maƙudan kuɗi wajen gina rukunin masana'antu na Hawassa da kasuwar Amurka a ranta. Jamhuriyar Nijar ta bi sahu a Janairun 2024, tare da Gabon da Uganda da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya.