Yana a Idon Yaro Mai Amosanin Gaɓɓai

Galibin jama'a sun ɗauka yanar ido larura ce ta tsufa, alhali kuwa akwai wadda kan sauko wa yaro tun bai yi famfara ba, wadda asalinta amosanin gaɓɓai ne, irin wanda Likita George Still ya bayyana a Landan cikin 1897. Abin al'ajabi, cutar da ta kumbura gwiwa ita ce kan shiga ido a asirce, musamman na 'yan mata ƙanana, ba ja, ba zafi, ba hawaye, har madubin cikin idon ya dushe. Kuma maganin sitiroid da ake ɗigawa don kwantar da kumburin idon, idan aka daɗe a kansa, shi ma yana jawo yanar.

Cire yanar ba shi ne mushkila ba, sai abin da za a sa a gurbinta. Tun da Harold Ridley ya dasa madubin roba na farko a asibitin St Thomas cikin 1949, tsofaffi suka sami sauƙi, amma likitoci suka daɗe suna saɓani a kan waɗannan yara, domin idon da ya saba da kumburi yakan ɗauki madubin tamkar maƙiyi, ya lulluɓe shi da tabo, wani lokaci har hawan jinin ido ya biyo baya. Saboda haka magabata suka gwammace a bar gurbin haka nan, a ba yaro tabarau mai kauri.

Hukuncin ya sassauta ne bayan samuwar magunguna masu ladabtar da garkuwar jiki, wato methotrexate, sa'an nan adalimumab, wanda wani bincike na Ingila ya tabbatar da fa'idarsa cikin 2017. Yanzu likitoci da dama suna dasa madubin, ganin yara da yawa kuma yana gyaruwa, bisa sharaɗin idon ya kwanta lafiya aƙalla wata 3 kafin a taɓa shi. A ganina nan ne wuyar take, domin ƙwaƙwalwar yaron da bai kai shekara 7 ko 8 ba tana koyon gani ne, kuma idan yana ta daɗe tana tare haske, sai ta yi watsi da idon, ko an wanke shi tas daga baya. Likita yana jiran kumburi ya lafa, yana kuma ƙirga watannin da yaron ke asara.