Odar Kaya Kafin Su Iso: A Karɓi Adireshi Tun Ranar Biya

Cinikin firi-oda ya karɓu sosai a wurin masu sayar da kaya ta WhatsApp, Instagram da Facebook. Mai saye zai biya tun kaya ba su iso ba, mai sayarwa ta tara kuɗin ta yi oda daga Sin, Dubai ko Turkiyya. Kayan jirgin sama ba sa daɗewa, na jirgin ruwa kuwa sai a shafe wata biyu ana jira. Rigima takan tashi ne ranar da kaya suka sauka: ga takalma da jakunkuna jibge a falo, ga hotunan rasit cike da waya, amma an rasa na wa zai tafi ina.

Maganin wannan shi ne a karɓi bayanin aike a daidai lokacin biya, a fom guda, irin na Google Forms da ba a biyan ko sisi. Tambayoyin su tsaya ga abin da ɗan aike ke buƙata: cikakken suna, lambar waya da ta wani na kusa, jiha, gari, unguwa, sai kwatance. Gidajenmu da yawa ba su da lamba, don haka "layin masallacin Juma'a, gida na uku bayan mai shayi, shuɗiyar ƙofa" ya fi komai amfani. Kada a tilasta lambar yanki ta hukumar gidan waya NIPOST mai alƙaluma 6, domin kaɗan ne suka san tasu. In ta mota za a aika, a rubuta tasha da sunan mai karɓa.

Wajen biya, a faɗi jimillar kuɗi tun farko, har da na aike, da lokacin da ake sa ran isowar kaya. A ba kowace oda lambarta, mai saye ya rubuta ta a bayanin taransifa. Hanyoyin biya irin su Paystack da Flutterwave suna tabbatar da shigar kuɗi da kansu, sun rage matsalar jabun alat. Da yake jiran da tsawo, a sake tabbatar da adireshi kafin a ɗora kaya.

Adireshin mutane amana ne, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta hana amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba. Kai kuma mai saye, duk wanda ya nemi lambar sirrin katinka da sunan cike fom, ka rabu da shi.